Eugen Sandow: Mutumin Da Ya Mayar Da Koyar Da Motsa Jiki Sana'a

Idan likita ya taɓa ce maka ka riƙa motsa jiki saboda hawan jini ko ciwon suga, wataƙila ka yi tunanin neman wanda zai riƙa koya maka kana biyansa. Wannan sana'a tana da tarihi, kuma cikin waɗanda suka fara cin abinci da ita babu wanda ya kai Eugen Sandow suna.

An haife shi a 1867 a garin Königsberg na ƙasar Jamus ta wancan lokaci, wanda yanzu yake cikin Rasha da sunan Kaliningrad. Sunansa na yanka Friedrich Wilhelm Müller. Yana saurayi ya bar gida don kada a sa shi aikin soja, ya shiga yawon nuna ƙarfi a wuraren wasa na Turai. A 1889 ya je Landan ya kayar da wasu shahararrun majiya ƙarfi biyu a gasar ɗaga nauyi. A 1893 ya yi wasa a babban baje kolin Shikago a Amurka, inda aka lura cewa 'yan kallo sun fi sha'awar ganin surar jikinsa fiye da nauyin da yake ɗagawa.

Da yawa daga cikin abokan sana'arsa a nan suka tsaya, har ƙarfi ya ƙare. Shi kuwa ya gane cewa mai kallo yana so ne shi ma ya samu lafiyar jiki, kuma zai biya wanda ya nuna masa hanya. A 1897 ya buɗe makarantar horar da jiki a Landan, a shekarar da ta biyo baya ya kafa mujallarsa. Ya sayar da kayan motsa jiki masu ɗauke da sunansa, ya kuma riƙa koyarwa ta hanyar wasiƙa ga waɗanda suke nesa. A 1901 ya shirya babbar gasar masu gina jiki a zauren Royal Albert Hall. Ɗaya daga cikin alƙalan shi ne Arthur Conan Doyle, marubucin labaran Sherlock Holmes, wanda shi ma likita ne. A 1911 Sarki George na Biyar ya naɗa shi malaminsa na horon jiki.

Abin da ya fi burge ni a aikinsa shi ne bai ce kowa ya yi irin abin da yake yi a dandali ba. Ɗalibansa da ƙananan ƙarafa marasa nauyi suke farawa, ana auna ƙirji da damtse, ana rubutawa, ana ƙara aikin sannu a hankali. Ya koyar da mata, ya kuma horar da samarin da soja suka ƙi ɗauka saboda rashin ƙarfin jiki. Har yau wannan tsarin muke ba majinyata shawara a kai: a fara da kaɗan, a dage. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu.

Amma fa ɗan kasuwa ne, kuma kasuwa ta ja shi ya wuce gona da iri. Ya riƙa tallata motsa jiki a matsayin maganin cututtuka iri-iri, har da waɗanda ba ruwansu da shi. Idan ka haɗu da mai horarwa da ya ce ka ajiye maganin hawan jini ko allurar insulin tunda ka fara atisaye, kada ka saurare shi. Motsa jiki yana saukar da hawan jini da suga, har wani lokaci a rage wa mutum magani, amma likitan da yake auna ka ne zai rage. Mai horarwa na ƙwarai zai fara tambayarka ciwon da kake da shi da magungunan da kake sha, kuma zai tsayar da kai nan take idan ka ji ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya taɓa kasuwancinsa sosai, domin mutanen Ingila sun tsani duk abin da ya shafi Jamus, kamfaninsa na koko kuma ya durƙushe. Ya rasu a Landan ranar 14 ga Oktoba, 1925, yana da shekara 58. Jaridu sun ce jini ne ya zuba a ƙwaƙwalwarsa, aka kuma danganta hakan da wata rana da ya ɗaga motarsa daga rami shi kaɗai. Takardar shaidar mutuwarsa kuwa ta ambaci kumburin babbar jijiyar jini da ke fita daga zuciya. Ciwo ne da kan girma shiru ba tare da alama ba, ko a jikin da ake gani ƙaƙƙarfa, kuma yunƙurin ɗaga abu mai nauyi tare da riƙe numfashi yana cilla hawan jini sama ƙwarai. Shi ya sa muke hana masu irin wannan matsala ɗaukar nauyi mai yawa.

An binne shi a maƙabartar Putney Vale, matarsa ta hana a sa alama a kabarin, haka ya zauna fiye da shekara 70. Kofin da ake ba zakaran gasar Mr. Olympia a yau mutum-mutuminsa ne, kuma Sandow ake kiransa.