Harvey Cushing, Likitan Ƙwaƙwalwa

A wajenmu Tsiga, idan magidanci mai himma ya soma sakaci da gonarsa, ya daina kula da iyali, ya wuni zaune jugum, akan ce iska ce ko sammu. Ba kowa ya san wani ƙari a cikin kai yana iya jawo haka ba. Don haka na ga ya kamata in ba 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu tarihin likitan da ya raɗa wa irin wannan ƙari suna.

An haifi Harvey Cushing a birnin Cleveland na Amurka a 1869. Ubansa likita ne, kakansa ma haka. Ya gama karatun likita a Harvard a 1895, ya ƙware a aikin fiɗa a asibitin Johns Hopkins, sa'an nan ya koma Boston. A zamanin nan, buɗe kan mutum kusan sallama da shi ne, saboda jini ba ya tsayawa.

A 1922 ya sa wa ƙarin da ke tsirowa daga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa suna meninjiyoma. Yawancinsa ba ciwon daji ba ne, danniya ce ɓarnarsa. Akwai wanda ke tsirowa a ƙasan ƙoƙon kai, daidai saman hanci, inda jijiyoyin jin ƙanshi suke kwance. Sannu yake girma, shekara da shekaru. Da fari mutum zai daina jin ƙanshi da wari, ko daddawa aka kai masa hanci. To, wa zai tafi asibiti don wannan? Sai ƙarin ya danne gaban ƙwaƙwalwa, hali ya sake, ga mantuwa, ga ciwon kai, daga baya gani ya ragu. Sau da yawa kafin a gane ya kai girman lemo.

Wani likita a Rum, Francesco Durante, ya riga shi cire irinsa a 1885. Amma a ganina babban aikin Cushing shi ne yaƙi da zubar jini. Ya ƙago 'yan maƙalai na azurfa masu matse jijiya, kuma a 1926 ya fara aiki da na'urar lantarki ta William Bovie, wadda ke yanka tana ƙone bakin jijiya. A 1927 a Glasgow ya bayyana yadda yake rarake wannan ƙari na saman hanci daga ciki kaɗan-kaɗan, kana ya janye sauran.

Ba kullum yake nasara ba. Janar Leonard Wood, wanda ya cire wa meninjiyoma a wani sashen kai a 1910, ya warke ya koma aiki, amma ƙarin ya dawo, ya mutu bayan fiɗa ta biyu a 1927. Ga shi kuma da tsanani, mataimakansa sun sha faɗa.

A 1931 ya yi wa ƙarin ƙwaƙwalwa na 2,000 fiɗa. A 1938 shi da Dokta Louise Eisenhardt suka fitar da babban littafi kan masu meninjiyoma 313, ya mutu a 1939. Irin wannan fiɗa ta kafu a Nijeriya a 1962, lokacin da Dokta Latunde Odeku ya komo daga Amurka ya fara ta a asibitin jami'a na Ibadan.