Taƙaitaccen Tarihin Isma'ila al-Jazari, Mai Agogon Giwa

Sunansa Isma'ila ɗan Razzazu, amma an fi saninsa da al-Jazari, domin shi mutumin Jazira ne, wato yankin da ke tsakanin kogin Dijla da na Furatu. Ya rayu a ƙarni na 12 Miladiyya, ya kuma shafe shekara 25 yana ƙira a fadar sarakunan Artuƙawa, masu mulkin Amid, garin da yau ake kira Diyarbakir a ƙasar Turkiyya.

Abin da ya fi shahara cikin ayyukansa shi ne agogon giwa. A cikin mutum-mutumin giwar akwai tankin ruwa, a kan ruwan kuma ƙwarya ce mai ɗan huji a gindinta. Ruwa kan riƙa shiga sannu a hankali, har ta nutse cikin rabin awa. Da ta nutse sai ta ja igiya, igiyar ta saki wata ƙwallon ƙarfe daga sama, ƙwallon ta faɗa bakin maciji. Nauyinta ya rinjayi macijin ya sunkuyo, ya jawo ƙwaryar sama, mahayin giwa ya yi kiɗa, lissafi ya koma farko.

Hikimarsa ba ta tsaya ga ƙawata fada ba. Ya tsara na'urori 5 na ɗaga ruwa. Ɗaya daga cikinsu famfo ne mai baki biyu wanda gudun kogi ke juyawa: yayin da ɗaya ke zuƙo ruwa, ɗayan na tura shi sama.

Sarki Nasiruddin Mahmud ne ya umarce shi da ya rubuta ayyukan nan don kada su salwanta. Ya kammala littafin a shekarar 1206, da bayanin na'urori 50 a kashi 6, tare da zane da yadda ake harhaɗa kowace. A 1974 Donald Hill ya fitar da fassararsa da Ingilishi, kuma da wannan bayani aka sake ƙera agogon giwa a Dubai.

'Yan uwa, na'urorin da ya ƙera da hannunsa sun shuɗe, rubutun ne ya wanzu. A garuruwanmu akwai tsofaffin maƙera da majema da magina da ke rasuwa da iliminsu a ka. In an je gida hutun Sallah, a zauna da su, a rubuta.