Tarihin Rayuwar Charles Babbage (1791-1871)

Gabatarwa

Idan ana batun tarihin kwamfuta, sunan da masana suka fi farawa da shi shi ne na Charles Babbage, masanin lissafi ɗan ƙasar Ingila. Shi ne ya fara tsara na'urar da za a ba ta umarni iri-iri ta aiwatar da kanta, ya kuma yi wannan tsari ne da ƙarfe da tagulla, fiye da shekara ɗari kafin a ƙera kwamfuta mai aiki da lantarki. Sai dai bai kammala ko ɗaya daga cikin manyan injinan da ya tsara ba, har ya bar duniya mutane da yawa suna ganin dukiyar gwamnati kawai ya ɓarnatar. Sai bayan shekara 120 da rasuwarsa aka tabbatar da ingancin tsarinsa.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Babbage a birnin Landan ranar 26 ga Disamba, 1791. Mahaifinsa, Benjamin Babbage, attajiri ne mai harkar banki. Ya yi fama da rashin lafiya a ƙuruciyarsa, don haka wani ɓangare na karatunsa a gida ya yi shi a hannun malamai. A shekarar 1810 ya shiga Jami'ar Kambirij, inda ya tarar lissafin da ake koyarwa ya tsufa idan aka kwatanta da na Faransa da Jamus. Wannan ya sa a 1812 shi da abokansa, John Herschel da George Peacock, suka kafa wata ƙungiya don shigo da sababbin hanyoyin lissafi cikin jami'ar. Ya kammala karatu a 1814, a shekarar kuma ya auri Georgiana Whitmore.

Matsalar da Ta Dame Shi

A wancan zamani, kalmar da ake kiran kwamfuta da ita a Turanci sunan ma'aikaci ce, wato mutumin da ake biya don ya zauna ya yi ta lissafi da alƙalami. Irin waɗannan ma'aikata ne suke shirya jadawalin lissafi da ake bugawa a manyan littattafai. Matuƙan jiragen ruwa da masu nazarin taurari da masu awon ƙasa da kamfanonin inshora duk da waɗannan littattafai suka dogara. Kuskure yakan shiga wajen lissafi, ko wajen kwafa, ko wajen jera haruffa a maɗaba'a. Lamba ɗaya da ta kauce tana iya sa matuƙi ya ɓata hanya a tsakiyar teku, a yi asarar rayuka da dukiya.

A shekarar 1821 Babbage da Herschel suka zauna tantance wasu jadawalai, suka yi ta cin karo da kurakurai. Daga nan tunani ya zo masa cewa tun da inji yana saƙa yana kuma jan kaya, ya kamata a samu injin da zai yi lissafi, ya kuma buga amsar da kansa ba tare da hannun mutum ya shiga tsakani ba.

Injin Bambanci

Injinsa na farko shi ne wanda za a iya kira Injin Bambanci, saboda dabarar lissafin da aka gina shi a kanta. Misali, idan aka riɓanya lambobi 1, 2, 3, 4, 5 kowace da kanta, za a samu 1, 4, 9, 16, 25. Bambancin da ke tsakanin waɗannan shi ne 3, 5, 7, 9, su kuma bambancin da ke tsakaninsu kullum 2 ne. Saboda haka, don samun lamba ta gaba, sai a tara 2 da 9 a samu 11, a tara 11 da 25 a samu 36. Ke nan da tarawa kaɗai za a iya cika jadawali mai tsawo, tarawa kuwa aiki ne da ƙafafun ƙarfe masu haƙora za su iya yi idan ana juya su.

Ya nuna ƙaramin samfuri a 1822, a 1823 kuma gwamnatin Birtaniya ta ba shi fam 1,500 don ya ƙera babban. Ya ɗauki wani gwanin maƙeri mai suna Joseph Clement. Injin yana buƙatar sassa kimanin 25,000, kuma dole ɗaruruwa daga cikinsu su zama daidai da juna ba ragi ba ƙari, abin da masana'antun lokacin ba su saba yi ba. Aiki ya yi ta jan ƙafa, kuɗi suna ta tafiya. Ana cikin haka, a shekarar 1827 mahaifinsa da matarsa da 'ya'yansa biyu suka rasu, ya bar aikin ya yi doguwar tafiya a ƙasashen Turai don ya samu sauƙin baƙin ciki. A 1828 aka naɗa shi Farfesan Lissafi a Kambirij, a kujerar da Isaac Newton ya taɓa riƙewa, ya riƙe ta har 1839.

A 1832 aka harhaɗa wani ɓangare na injin mai sassa kusan 2,000, ya kuma yi aiki yadda ake so. Amma a 1833 saɓani ya shiga tsakaninsa da Clement a kan kuɗi da kuma batun mayar da aikin kusa da gidan Babbage. Clement ya ajiye aiki, ya riƙe kayan ƙira, ba a kuma sake komawa kai ba. Gwamnati ta kashe fiye da fam 17,000, kuɗin da ya isa a sayi kan jirgin ƙasa sama da ashirin a lokacin. A 1842, bayan da babban masanin taurari na masarauta, George Airy, ya ba da shawarar cewa injin ba shi da amfani, gwamnatin Robert Peel ta janye hannunta gaba ɗaya.

Injin Nazari

Tun a 1834 hankalin Babbage ya riga ya koma kan wani injin da ya fi na farko nisa, wato Injin Nazari. Na farkon aiki ɗaya tak ya iya. Wannan kuwa zai yi tarawa da ɗebewa da riɓanyawa da rabawa, bisa kowane jerin umarni da aka ba shi. Ya raba shi gida biyu: rumbu, inda ake ajiye lambobi, da maniƙa, inda ake sarrafa su. Umarni zai shiga ne ta hanyar katunan da aka huhhuda, dabarar da ya aro daga masaƙar Joseph Jacquard ta Faransa, wadda irin waɗannan katuna suke nuna mata zanen da za ta saƙa. Injin zai iya maimaita aiki, zai kuma iya sauya hanya gwargwadon amsar da ya samu. Wannan rarrabewa tsakanin ma'ajiya da masarrafa da hanyar shigar da umarni da ta fitar da amsa ita ce tsarin kwamfuta har yau.

A 1840 ya gabatar da laccoci a birnin Turin na Italiya, wani injiniya mai suna Luigi Menabrea ya rubuta bayaninsu da Faransanci a 1842. Ada Lovelace, wadda ta san Babbage tun 1833, ta fassara bayanin zuwa Turanci a 1843, ta ƙara sharhin da ya fi asalin rubutun tsawo. A ciki ta nuna mataki-mataki yadda injin zai warware wani lissafi mai wuya, ta kuma hango cewa zai iya sarrafa wasu abubuwa bayan lambobi, kamar sautin kiɗa. Duk da haka ba a samu mai zuba kuɗi ba. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Gwamnatin da ba ta ga ƙarshen injin farko ba, ba ta yarda ta shiga na biyu ba.

Sauran Ayyukansa da Rasuwarsa

Babbage bai tsaya ga injina kaɗai ba. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu nazarin taurari ta Landan a 1820, ya wallafa littafi a kan tsarin masana'antu a 1832, da tarihin rayuwarsa a 1864. Tsakanin 1847 da 1849 ya zana Injin Bambanci na biyu, wanda ya fi na farko sauƙi da ƙarancin sassa, amma shi ma a takarda ya tsaya. Mutum ne mai saurin fushi da yawan jayayya da hukumomi, da tsufansa kuma ya shiga rigima da makaɗan titi da suke hana shi aiki, har mutanen unguwa suka mayar da shi abin tsokana. Ya rasu a gidansa a Landan ranar 18 ga Oktoba, 1871, yana da shekara 79.

Kammalawa

An daɗe ana cewa injinan Babbage sun gagara ne domin ƙirar zamaninsa ba ta kai ba. A 1985 Gidan Tarihin Kimiyya na Landan ya ɗauki zanen Injin Bambanci na biyu ya fara ƙera shi, tare da kiyaye kada ingancin sassan ya wuce abin da maƙeran ƙarni na 19 za su iya. An kammala ɓangaren lissafi a 1991, na buga amsa kuma a 2002. Injin yana da sassa kusan 8,000 da nauyin tan biyar, da hannu ake juya shi, ya kuma ba da amsoshi daidai masu tsawon lamba 31. Gani ya kori ji. Wannan ya nuna cewa abin da ya tsayar da aikin shi ne kuɗi da saɓani da yawan sauya tsari, da kuma kasawarsa wajen fahimtar da masu mulki amfanin abin da yake yi. Yawancin waɗanda suka ƙera kwamfutocin farko a shekarun 1940 ba su san cikakken zanensa ba, sai da suka sake gano hanyar da kansu. Injin Nazari kuwa ba a taɓa ƙera shi cikakke ba.

Auna Fahimta

1. Wace matsala ce ta sa Babbage ya fara tunanin ƙera injin lissafi?
2. Yi bayanin bambancin da ke tsakanin Injin Bambanci da Injin Nazari.
3. Kawo dalilai uku da suka hana shi kammala aikinsa.