Sir Fabian Ware: Baturen da Ya Daidaita Kabarin Janar da na Farabiti

An haifi Fabian Ware a Bristol, ƙasar Ingila, ranar 17 ga Yuni, 1869. Ya fara da aikin koyarwa, sa'an nan ya yi aikin ilmi a Transvaal ta Afirka ta Kudu, kafin ya zama editan jaridar Morning Post daga 1905 zuwa 1911.

Sa'ad da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, yana da shekara 45, aka ce ya wuce shiga soja. Saboda haka ya tafi Faransa yana shugabantar motocin ɗaukar raunanannu na ƙungiyar Red Cross. A can ya lura cewa ana binne sojoji barkatai, babu mai rubuta inda kowa yake kwance. Ya sa mutanensa suka shiga yi wa kaburbura rajista, aikin da ya haifi Hukumar Kula da Kaburburan Yaƙi ta Daular Ingila ranar 21 ga Mayu, 1917. Shi ne mataimakin shugabanta har 1948.

Ƙa'idar da hukumar ta kafa ita ce, ba za a mayar da gawa gida ba, kuma dutsen kabarin janar da na farabiti su zama iri ɗaya. A kan kowane dutse akan sassaƙa tambarin rundunar mamacin, da muƙaminsa, da sunansa, da ranar mutuwarsa, da alamar addininsa. An bar wa iyali su ƙara 'yan kalmomi da ba su wuce haruffa 66 ba. Iyalai da dama sun ƙi wannan tsari, amma Majalisar Ingila ta goyi bayansa a muhawarar 4 ga Mayu, 1920.

Sai dai wannan daidaito bai game kowa ba. Rahoton hukumar kanta na 2021 ya nuna cewa aƙalla mutum 116,000, yawancinsu 'yan Gabashin Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu ba, ko ma ba a yi musu abin tunawa ba. Batun ya shafe mu, domin sojojin Nijeriya sun yi yaƙin a Kamaru da Gabashin Afirka. Gwamnatin Ingila ta nemi afuwa a shekarar.

Ware ya rasu ranar 28 ga Afrilu, 1949, aka binne shi a Amberley, ƙarƙashin dutse irin na hukumarsa.