Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa da ya sa rana aiki

Duk wanda ya taɓa kai ɗansa karatu Yamai ya san sunan jami'ar Abdou Moumouni. Amma in ka tambaya ko wane ne mai sunan, wasu sai su ce minista ne ko wani babban soja. A'a, malamin kimiyya ne, kuma nan jahar Maraɗi aka yanke mashi cibi, a Tasawa, ran 26 ga watan Yuni na 1929.

Ya fara lakkol a Damagaram da Yamai, ya wuce makarantar William Ponty ta Sanagal, daga can sai birnin Paris. A 1956 ya ci jarrabawar nan mai wuya da Faransa ke tace manyan malamanta da ita, a fannin kimiyyar fizik, abin da wani ɗan Afirka baƙar fata bai yi ba gabaninshi. Ya koyar a Dakar da Konakiri da Bamako. Daga 1962 zuwa 1964 yana Tarayyar Sobiyet yana nazarin ƙarfin rana, kuma kan wannan ya ƙare rayuwarshi.

Tambayar da ta dame shi, ko manomi zai gane ta. Da tsakar rana, in gari ya yi garau, kowane fili mai mita guda tsawo da faɗi yana samun ƙarfin da ya kai kamar wat 1,000. Kyauta yake saukowa, banza yake tahiya. To yaya za a yi a kama shi kada ya kuɓuce?

Kowa ya san baƙar riga ta fi fara zafi a watan bazara. Farin abu maida hasken yake yi, baƙi kuwa shanye kusan dukanshi yake, ya koma zafi. Sai dai shanyewa rabin aiki ne. Baƙin ƙarfe da ya yi zafi, nan take yake fara zubar da zafin, iska ta kwashi wani, wani ya bi ta ƙasa. Shi ya sa ake sa farantin cikin akwati, a rufe sama da gilashi: haske ya shiga, iska ba ta taɓa ƙarfen ba, zafin kuma ya sha wuyar fita. Ta ƙasa da gefe a cusa abin da ba ya barin zafi ya ratsa. In aka bi da ƴan bututu jikin farantin, ruwan ciki ya ɗumama, ya hau da kanshi zuwa tankin da ke bisa, don ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi. Ba injin, ba gazuwal, ba itace.

In kuma wuta sosai ake so, irin ta dahuwa, sai madubi mai zurfi kamar kwano, wanda ke tattara hasken faɗinshi duka wuri ɗaya. Kan yadda ƙarfin ke rarrabuwa a wannan wurin haɗuwa ne Abdou Moumouni ya rubuta kundin babban digirinshi na dakta a 1967.

Bai tsaya ga takarda ba. Ya kafa ɗakin binciken ƙarfin rana a Mali a 1964, sannan ya dawo gida a 1969 ya riƙe ma'aikatar ONERSOL har 1985. Nan Yamai aka riƙa ƙera na'urorin ɗumama ruwa, da na tace ruwa, da na busar da kayan gona, da murhun rana, da hannun ƴan ƙasa. Ku tuna lokacin ne farin 1973 ya halaka dabbobi, mata na ƙara nisa cikin daji neman itace, hamada na matsowa. Duk tukunyar da rana ta tafasa, reshe guda ne ya tsira.

A faɗi gaskiya, kayan ba su shiga karkara yadda aka yi fata ba. Gilashi da ƙarfe na da tsada ga talaka. Ƙurar hunturu na rufe madubi, sai an yi ta gogewa. Sannan uwargida tuwon dare take tuƙawa bayan la'asar, lokacin da rana ta riga ta yi sanyi. Farantan sola da ke bisa rufinmu yau, waɗanda ƴan uwa na ƙetare ke aiko kuɗinsu, lantarki suke badawa, kamar kashi ɗaya cikin biyar na hasken kawai suke juyawa, kuma daga waje ake shigo da su. Wannan na ƙarshe da bai yi mashi daɗi ba, shi da ya rubuta littafi tun 1964 kan ilimi a Afirka, yana neman a koyar da yara cikin harsunansu, a haɗa karatu da aikin hannu.

Ya shugabanci jami'ar Yamai daga 1979 zuwa 1982, ya ci gaba da koyarwa har Allah ya yi mashi rasuwa ran 7 ga Afrilu na 1991. A 1992 aka sa ma jami'ar sunanshi.