Humphrey Jennings (1907–1950)

An haifi Humphrey Jennings ranar 19 ga Agusta, 1907, a ƙauyen Walberswick da ke gaɓar teku a gabashin Ingila. Ya yi nazarin adabin Ingilishi a Jami'ar Kambirij, kuma zane da rubutacciyar waƙa ne suka fara ɗaukar hankalinsa. A shekarar 1934 ya shiga sashen shirya fim na hukumar gidan waya, a ƙarƙashin John Grierson. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, sashen ya koma hannun Ma'aikatar Watsa Labarai, aka ɗora masa aikin ƙarfafa wa jama'a gwiwa.

Wannan ma'aikata ce ta kafa sashen finafinan ƙasashen mulkin mallaka a 1939, a ƙarƙashin William Sellers, tsohon jami'in kiwon lafiya a Nijeriya. Irin finafinansa ne motar majigi ta riƙa kaiwa garuruwan Arewa. Dattawan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa ba sa buƙatar a bayyana musu majigi. A majigi mai sharhi ne ke faɗa wa ɗan kallo abin da zai fahimta. Jennings bai bi wannan tafarki ba, ko da yake shi ma farfaganda aka sa shi ya yi. A fim ɗinsa Listen to Britain na 1942 ya janye mai sharhi, ya bar ƙarar injinan masana'anta da rugugin jiragen sama da waƙoƙin ma'aikata su isar da saƙon.

Haka kuma ya fifita talakawa a kan ƙwararrun 'yan wasa. 'Yan kwana-kwana na gaske ne suka fito a Fires Were Started na 1943, duk da cewa gobarar kunna ta aka yi domin ɗaukar hoto, abin da ya sa manazarta ke muhawara a kan iyakar gaskiya a irin wannan fim. A shekarar ce ya shirya The Silent Village. Sojojin Jamus sun rushe ƙauyen Lidice na Cekoslobakiya a Yunin 1942, suka harbe mazajensa. Jennings ya tafi Cwmgiedd, wani ƙauyen masu haƙar kwal a yankin Wales, ya sa mazauna garin suka kwaikwayi wannan masifa tamkar su ta auka wa, kowa da sunansa na yanka.

Ya mutu ranar 24 ga Satumba, 1950, bayan ya faɗo daga kan dutse a tsibirin Poros na Girka, inda ya je duba wuraren ɗaukar sabon fim. Yana da shekara 43, kuma a birnin Atina aka binne shi.