Claudia Jones: Matar da ta haɗa kan baƙaƙen fatar Landan bayan tarzoma

A ƙarshen watan Agustan kowace shekara, titunan Notting Hill da ke yammacin Landan kan cika maƙil da kiɗa da rawa. Bikin na da nasaba da wata tarzoma, da kuma wata 'yar jarida da Amurka ta kora.

An haifi Claudia Jones a 1915 a Trinidad, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin mallakar Birtaniya. A 1924 ta koma unguwar Harlem ta birnin New York, inda ta tashi cikin talauci. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, sannan tarin fuka ya kama ta tana 'yar shekara 17.

Shari'ar wasu samari tara baƙaƙen fata da aka yi wa ƙazafin fyaɗe a jihar Alabama ce ta ja ta cikin gwagwarmaya. Ganin yadda 'yan kwaminisanci suka tsaya wa samarin, sai ta shiga sahunsu a 1936, ta kuma yi fice wajen rubutu kan halin da mata baƙaƙen fata ke ciki. Wannan aƙida ta jawo mata ɗauri, kuma a 1955 aka tasa ƙeyarta zuwa Birtaniya.

A Landan ta iske 'yan yankin Karebiyan na fama da wariya wajen neman aiki da gidan haya, ga shi kowa na maƙale da mutanen tsibirinsa. Ta fahimci cewa sai an haɗa kai kafin a ji kukansu, don haka a 1958 ta kafa jaridar West Indian Gazette a unguwar Brixton. Ofishin jaridar ya zama matattarar masu neman shawara.

A bazarar shekarar ne gungun matasa farar fata suka kwashe kwanaki suna kai wa baƙaƙen fata farmaki a Notting Hill. Claudia ta ga cewa jama'ar da aka firgita na buƙatar abin da zai dawo musu da martabarsu. A watan Janairun 1959 ta jagoranci shirya bikin al'adun Karebiyan a zauren St Pancras, aka nuna shi a talabijin, aka kuma ware wani ɓangare na kuɗin da aka tara domin biyan tarar matasan da rikicin ya rutsa da su, baƙaƙe da farare.

Ta ci gaba da shirya bikin duk shekara, ta kuma yaƙi dokar 1962 da ta taƙaita shigar 'yan ƙasashen renon Ingila. Ciwon zuciya da tarin fuka sun ci ƙarfinta, ta rasu a watan Disambar 1964 tana da shekara 49, kafin wasu su fito da bikin kan titi. An binne ta a maƙabartar Highgate, kusa da kabarin Karl Marx.